Kafin ka sayi allurar kansar hanji mai tsada, ka fara tambayar takardar gwaji

Lokacin da aka ce mana kansar babban hanjin kawuna ta yaɗu zuwa hanta, abu na farko da dangi suka yi shi ne haɗa kuɗi, kowa yana cewa a nemo magani mafi tsada. Wani ma ya turo sunan Erbitux a WhatsApp wai shi ne na zamani. Allah ya taimake mu likitan ya tsaya ya ce mana a'a, ina sakamakon KRAS? Mu kuwa ko sunan ba mu taɓa ji ba.

Tou ga yadda abin yake. Ƙwayar kansa tana da wata ƙofa a jikinta da ake kira EGFR, saƙo ya zo ƙofar, sai wani ɗan aike a ciki mai suna KRAS ya kai saƙon can ciki cewa a hayayyafa. Cetuximab, wato Erbitux, da ɗan'uwansa panitumumab, aikinsu su toshe ƙofar nan. Amma idan ɗan aiken ya samu matsala, yana ta ihun a hayayyafa ko babu wanda ya ƙwanƙwasa, toshe ƙofa bai da wani amfani, kuɗinka ne kawai ke tafiya, ga ƙuraje masu kama da na samartaka sun cika wa mara lafiya fuska da ƙirji. Kusan kashi 40 cikin ɗari na kansar babban hanji suna da wannan canji a KRAS, idan ka haɗa da ɗan'uwansa NRAS ma abin ya kai kusan rabi. Shi ya sa tun 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta ce kada a ba wanda KRAS ɗinsa ya canza. Kuma ko KRAS lafiya lau ne, maganin ya fi aiki idan ciwon ya fara daga ɓangaren hagu na hanji ko dubura, na dama bai cika jin sa ba.

Bevacizumab, Avastin kenan, hanyarsa daban. Shi ba ruwansa da KRAS, jijiyoyin jinin da ƙullun ke ginawa don ya sha abinci su yake hanawa, ta hanyar toshe wani sinadari mai suna VEGF. Don haka ana iya ba kusan kowa tare da kemo, kuma akwai kwaikwayonsa na halal daga wasu kamfanoni tun 2017, sun fi sauƙin kuɗi. Amma gaskiya ƙarin da yake yi ba mai yawa ba ne, kuma yana hawan da jini, yana sa zubar jini, yana hana rauni warkewa, wani lokaci ma hanji ya huje. Idan za a yi tiyata dole a dakatar da shi makonni kafin nan. Kawu mai hawan jini ne tun da daɗewa, don haka kullum sai an ɗaura masa na'urar awon jini kafin a saka ruwan.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne gwajin MSI. Jikin mutum yana da masu gyaran kuskure idan ƙwaya tana kwafin kanta, MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2. Idan suka lalace kansar tana cika da kurakurai, abin da ake kira MSI kenan, har garkuwar jiki ta iya gane ta, sai pembrolizumab, wato Keytruda, ya sake wa garkuwar mara ta far mata. A irin waɗannan mutanen maganin yana aiki sosai har an amince a fara da shi kafin kemo a 2020. Amma ga wanda masu gyaran nan nasa suke lafiya, allurar nan kusan ba ta yin komai, ga tsada ta ban tsoro duk mako uku. A ƙasashen Turai masu wannan matsalar ba su da yawa a cikin waɗanda ciwon ya yaɗu, amma binciken da likitocin Ile-Ife suka yi da na asibitin kansa na Memorial Sloan Kettering da ke Amurka a 2021 ya nuna ta fi yawa a 'yan Najeriya, kuma gwajin na fenti ne a kan naman da aka yanka, bai kai na KRAS wahala ba. Ni dai a ganina wannan ne gwajin da bai kamata kowa ya tsallake ba.

Akwai kuma BRAF, wani ɗan aiken kamar KRAS, idan shi ne ya canza ana haɗa encorafenib da cetuximab, sai dai samunsa a nan aiki ne.

Abin da zan ce ka yi kafin ka taɓa kuɗin magani, ka je dakin gwajin da aka duba naman ka karɓo ɗan dunƙulen kakin nan da naman ke ciki, ƙarami ne bai fi kwalin ashana ba, mu a ambulan muka ɗauko shi. Da shi ake duk gwaje-gwajen nan, ba sai an sake yanka mutum ba. Idan allura ta zo, ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ka tabbatar a cikin sanyi aka kawo ta tsakanin digiri 2 zuwa 8, wanda ya ce maka ya ajiye ta a shago ba firji kada ka karɓa ko da rabin kuɗi ne.

Kuma kar a raina kemo ɗin da aka saba, FOLFOX ko CAPOX mai ƙwayar capecitabine da ake sha a gida, su ne ginshiƙin maganin, sauran ƙari ne a kai. Namu sakamakon ya dawo KRAS ya canza, MSI babu, sai aka tafi da CAPOX da bevacizumab. Kuɗin Erbitux ɗin da aka tara su suka biya kemo da sufuri na watanni, har da safar hannu da muka saya masa don oxaliplatin, maganin da ke cikin CAPOX ɗin, yana sa yatsunsa su yi tsami idan ya taɓa ruwan sanyi lokacin alwala.