Na zargi pKVM, Perfetto ya wanke shi: sharhina bayan mako uku ina bin sawu

Tun cikin Maris na 2025, da wayoyin Pixel suka samu manhajar Terminal mai ɗauke da Debian, wani nau'in tsarin Linux, wayata ta zama ƙaramar kwamfutar aiki. Dalilin bai wuce wuta ba. In an ɗauke ta, batirin laftof ya mutu, waya da fawa banki sun ishe ni in gyara 'yan layukan Python in tura. Pixel 7 ce ta hannu, a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano na saye ta. Da farko lafiya lau. Da aka shiga Afrilu sai ta tsiro da wani hali: aikin da take gamawa da asuba kafin shayina ya huce, da la'asar sai ta yi ta jan ƙafa har in gaji in ajiye ta.

Wannan Debian ɗin ba kai tsaye yake zaune a kan wayar ba. Kwamfutar kwaikwayo ce, wadda ake kira VM, kuma wata manhaja mai suna crosvm ce ke riƙe da ita. Da Rust aka rubuta crosvm, asalinta daga ChromeOS. A ƙarƙashinsu duka akwai pKVM, haifabaizan da Android ya zo da shi tun siga ta 13, wato mai gadin da ke tsare iyaka tsakanin Android da baƙon da ya sauka a gidansa, wato VM ɗin. A firosesan ARM iko hawa-hawa ne: manhajoji a EL0, kanel (zuciyar tsarin da ke tafiyar da na'ura) a EL1, shi mai gadin a EL2. Duk sa'ad da baƙo ya nemi abin da ba shi da hurumin taɓawa da kansa, sai an bi ta hawan mai gadi. Nan na kafe. Na riƙa gaya wa abokaina cewa wannan hawa da saukar ce ke cinye mini lokaci, har da yi musu zane a bayan takarda, alhali ban auna komai ba.

Wani abokin aikina ne ya ce, "Malam, ka daina yi wa na'ura ƙazafi, ɗauko sawunta mu gani." Shi ya haɗa ni da Perfetto, manhajar da ke naɗar sawun abin da na'ura ke yi daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Perfetto kyauta ne, lambarsa a buɗe take, kuma ɓangaren da ke naɗar bayanai yana cikin Android tun siga ta 9. Ka kunna zaɓin masu ƙirƙirar manhaja, ka shiga System Tracing, ka danna, ka yi aikinka, ka tsayar. Fayil ɗin da ya fito sai ka buɗe shi a shafin Perfetto cikin burauza. Abin da ya fara kwanta mini a rai shi ne burauzar ce ke tauna fayil ɗin a kan kwamfutarka, ba sai an ɗora shi intanet ba. Duk wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ya san darajar wannan.

Sawun farko ya ba ni rabin labari. Na ga ƙwayoyin firosesa takwas a jere, kowace da layinta, na ga zaruruwan crosvm, wato ƙananan ayyukan da ake raba wa ƙwayoyin, masu vcpu (firosesan kwaikwayo na VM) a sunansu suna tsalle daga wannan ƙwaya zuwa waccan. Da W da S kake kusantowa ko ja da baya, da A da D kake tafiya hagu da dama, kamar wasan kwamfuta, kuma cikin rabin sa'a yatsu sun saba. Amma mai gadin da na zo nema babu shi. Abin da ke faruwa a EL2 ba ya shiga sawun kanel na yau da kullum, rumbunsa daban, kuma wayar da aka fito da ita don kasuwa ba ta barin ka leƙa shi.

A nan aikin ya yi tsada. Sai da na buɗe makullin butloda, wato manhajar da ke tayar da wayar, na ɗora sigar gwaji ta Android da ake kira userdebug, buɗewar kuma tana share duk abin da ke cikin wayar. Na kwashe hotuna, na manta da wasu saƙonnin murya na mahaifiyata, laifina ne ni kaɗai, har yau abin na ci mini rai. Manhajar bankina ma ta ƙi buɗewa daga baya, dole na mayar da ita tsohuwar wayata. Wanda wayarsa ɗaya ce tak, da ita yake ciniki da ita yake karɓar kuɗi, ban ba shi shawarar bin wannan hanya ba. Mai niyyar sayen ta hannu don irin wannan aiki kuma ya duba tun a shago ko maɓallin OEM unlocking, mai ba da damar buɗe butloda, yana taɓuwa, domin wasu da ake kawowa daga Amurka a garƙame suke.

Saitin kansa gajere ne. A saitin Perfetto, a ɓangaren ftrace mai naɗar sawun kanel, ka ambaci rumbun hyp na mai gadi, ka nemi hyp_enter da hyp_exit, wato shiga hawan mai gadi da fitowa. Na ƙara host_hcall da host_mem_abort don in san dalilin kowace shiga. Sabon kanel ake buƙata, siga ta 5.15 ko 6.1 daga zubin Android 14, kuma Pixel 7 ta koma 6.1 a wannan sabuntawar ta Maris, sa'a ta zo daidai. Karon farko na zari dogon lokaci, na naɗi mintuna, rumbun ya cika ya zubar da na farko, burauza kuma ta shaƙe. Daƙiƙa 10 sun isa, in dai ka san lokacin da za ka danna.

Da layukan pKVM suka bayyana, kowace ƙwaya da nata, sai na ga 'yan tsiraran sanduna kamar tsinken sakace. Sai na kusanto ƙwarai kafin su yi faɗi. Suna da yawa, ba musu, musamman lokacin da VM ke tashi ana raba memori, inda host_mem_abort ke zuwa bi da bi. Amma yawa ba nauyi ba ne. A nan na more ɓangaren da na fi so a Perfetto: sawun gaba ɗaya yana zama teburan bayanai da za ka yi wa tambaya da SQL, harshen tambayar rumbun bayanai. Layi uku na rubuta na tara tsawon duk sandunan, jimillar ta fito 'yar mitsitsiya, ba ta kai abin da mutum zai ji a jikinsa ba. Gani ya kori ji. Mai gadi yana buɗe ƙofa yana rufewa, ba shi ke tsare mutane da hira ba.

To ina lokacin yake tafiya? Amsar tana sama kaɗan, a layin saurin firosesa, wanda na yi kwanaki ina wucewa ban kalla ba. Tensor G2 na Pixel 7 yana da manyan ƙwayoyi biyu na Cortex-X1, matsakaita biyu na A78, da ƙanana huɗu na A55. Na ɗauki sawu ɗaya bayan sallar asuba, ɗaya da ƙarfe uku na rana, na ajiye su gefe da gefe. A na safe saurin manyan ƙwayoyin yana sama, a miƙe. A na rana sai ya fara a sama, ya gangaro kamar matakalar bene, ya kwanta, kuma zaruruwan vcpu suka fi yawan zama a kan ƙananan. Wayar ce ke rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Afrilun Kano zafi na haura digiri 40, ni kuma ina caja da fawa banki, wayar na cikin kaurin rigar roba, a kan katifa. Ni na haɗa mata murhun da hannuna.

Inda ban samu yadda nake so ba shi ne cikin VM ɗin. Daga ɓangaren Android, zaren vcpu yana nuna yana aiki ne kawai. Ko Debian na lissafi, ko yana juyi a banza yana jiran faifai, ba za ka bambance ba. Na sa tracebox, manhajar naɗar sawu ta Perfetto, a cikin Debian na ɗauki sawu na biyu, sai ga fayil biyu, kowane da agogonsa, na zauna ina daidaita su da ido. Shafin Perfetto kuma ba ya riƙe hannun sabon shiga. Wanda bai san yadda kanel ke raba wa zaruruwa lokaci ba zai ga launuka ne kawai, kamar an baje atamfa a Kantin Kwari.

Ga mai rubuta manhaja da ke son sanin me ke rage wa VM gudu, System Tracing na cikin waya ya wadatar a mafi yawan lokuta, don layin saurin firosesa da na rabon zaruruwa duk suna fitowa ba tare da an buɗe komai ba. Da shi na tsaya na duba da kyau, da ban share wayata ba. Sawun EL2 na masu aikin kanel ne da masu gina VM mai kariya irin Microdroid, ƙaramin Android da ake sawa cikin VM. Yanzu na cire rigar robar, manyan ayyuka sai bayan isha'i, in kuma ya zama dole da rana, sai in ɗora wayar a kan murfin randa.