Kora da juna biyu: sufeton aiki ko kotu?

Mata a Maraɗi sun yi ta tambayata: wadda aka sallama daga aiki tana da ciki, ina za ta nufa? Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na sati 14, kora a cikinsa haramun ce.

Sufeton aiki sulhu yake yi. Ya kira wanda ya ɗauke ta aiki, a zauna, ba kuɗin lauya, abu ya ƙare da wuri. Sai dai in wanda aka kira ya turje, sulhun sufeto ya ƙare. Kotu tana da haƙori, tana yanke diyya, amma zarya ce, ga tsohon ciki, kuma sai da takardar albashi ko shaidu.

Mai neman haƙƙinta kafin suna, ko mai son komawa aikinta, sufeto ya fi mata. Mai takardu da haƙuri, kotu.