Ciwon marar endometiriyosis: ƙwaya, allura, ashana ko roba?

Idan likitan mata a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala a Kano ya ce ciwon marar da ke kwantar da ke duk wata endometiriyosis ne, nufinsa wani nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, yana kumbura duk lokacin al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na da shi.

Kafin maganar kuɗi, ki amsa wannan: kina neman ciki yanzu? Magungunan homon, wato masu sinadaran da ke sarrafa al'ada, danne ciwon suke yi, ba sa tumɓuke shi, kuma ba sa taimaka wa mai neman haihuwa. In amsar e ce, hanyarki daban.

Cikin masu araha akwai ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗin sinadari biyu. Likita kan ce a sha ba hutu, al'adar ta tsaya, ciwon ya lafa. Amma mai hawan jini, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ba tata ba ce. Su irin waɗannan, mai sinadari ɗaya likita kan duba musu, kamar norethisterone (ban da wadda jini ya taɓa daskare mata), ko dienogest mai miligiram 2 da ake sayarwa da sunan Visanne. Visanne ɗin tana aiki, sai dai kullum ake sha, kuma tsadarta ta sa wasu ke yankewa a hanya, ciwo ya dawo.

Allurar wata uku, Depo-Provera, da ashanar dantse suna nan a sashen tazarar haihuwa na asibitocin gwamnati. A nan nake so ki nutsu. Dukansu suna kawo ɗigon jini ba tsari, yau ki yi wanka ki tada salla, jibi ki ga ɗan ja a kamfai. Mace ta san irin rikicin da wannan ke jefa ta a lissafin tsarki, balle da azumi. Ita allurar kuma in an daina, ciki kan yi jinkiri har kusan shekara, ga rage ƙarfin ƙashi in an daɗe a kai. Ni dai ba zan ba amarya shawararta ba.

Robar Mirena kuɗinta a dunƙule yake, amma likita na saka ta a mahaifa kin huta shekara 5, jinin ma ya ragu sosai bayan watannin farko. Ga wadda ta gama haihuwa ko take son dogon hutu, ita na fi gani.

Zoladex kuwa allurar wata-wata ce da ke sa jiki ya zama kamar na wadda al'ada ta ɗauke wa: zufar dare, jin zafi, raunin ƙashi. Shi ya sa ba a cika wuce wata 6 a kanta ba sai an haɗa da wani homon. Ta ƙarshe ce, in sauran sun gaza.

Kowanne aka rubuta miki, ki saya a kantin magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kar ki karɓi wanda ya sha rana a kan tebur. Ki ba shi wata uku kina rubuta ranakun ciwo da na jini, sannan ki koma wa likita da takardar.