GARGAƊI: Mai sayar da kayan 504 a WhatsApp ya cinye mini jaka 85

Jaka 85 na sefa, jama'a. Jaka 85 a kan ciwon da jaka 2 ta warkar. Tun shekaranjiya ban yi barcin kirki ba.

Peugeot 504 ce ta marigayi babanmu, ƙirar Kaduna, ni ke riƙe da ita nan Tawa. Ta fara rawar ɗari a ralanti, wato in inji na aiki mota na tsaye, tana mutuwa in na tsaya, birki ya yi tauri kamar ka taka dutse. Na sa bidiyo a wani gurup na masu tsofaffin motoci. Ko awa ba a yi ba wani ya kira ni, wai daga Yamai, wai kayansa daga Kwatano suke zuwa.

"Babban yaya, ai ko daga ƙarar na gane, karburato ne da mastarbak, duka sun mutu." Haka ya ce, wallahi har yanzu muryar na cikin kunnena. Karburato shi ke haɗa mai da iska, mastarbak kuma shi ke sauƙaƙa taka birki. Ya ambaci Solex, sunan karburaton motar, tun ban faɗa ba. Ya tambaye ni ko birkin ya fi tauri in na taka sau biyu a jere. To wa zai ji wannan ya ce ba makaniki ba ne? Ni ba yaro ba ne, shekara 19 ina tuƙi, har na sa ya ɗauko hoton kayan da takarda mai sunana a kai. Ya ɗauko!

Na tura jaka 60. A'a, kafin nan ma sai da ya ce in bari sai bayan sallar Juma'a, ba ya son karɓar kuɗi da gaggawa. Wannan maganar ce ta kashe ni. Daga baya jaka 25, wai kuɗin duwan da na motar da za ta kawo kayan. 60 da 25. Kwana 4 ina zarya tasha, ba kwali, ba waya. Ya toshe ni.

Abin kunyar, Baba makanikin unguwarmu ko kabo, murfin inji, bai gama ɗagawa ba ya ce in yi shiru. Muka ji "sssss". Ya matse tiyon da ke tashi daga bututun shaƙar iska na inji zuwa mastarbak da filaya, nan take injin ya daidaita. Robar ce zafi ya busar, ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, iska na shiga ta ɓata haɗin mai. Siririn tiyon delko, mai raba wuta ga inji, shi ma ya zame. Jaka 2, har da kuɗin shayinsa. Bai ce mini komai ba, kallona kawai ya yi.

Hotunan hirarmu da rasit biyu suna nan, zan sa su da dare in na rufe lambobi. Gobe zan kai ƙara wurin 'yan sanda.

Ku duba tiyo kafin ku sayi karburato, kuma kada ku tura ko dala sai kaya na hannu.

Uwargida ba ta sani ba tukuna. Kuɗin buhunan hatsin gida ne, jaka 85.