Sabon Kantin Gwarinpa: Ciki Tsaf, Ƙofar Ce Ta Ɓata Shi

Tun ana haƙa harsashin wannan katafaren kanti da ke kusa da 3rd Avenue a Gwarinpa, mazauna layin suka ce ba su yarda ba, zai toshe musu hanya. Yanzu da ya buɗe, an ga cewa suna da gaskiya, sai dai ba yawan motoci ne ya kawo cunkoson ba. Ƙofar shiga ce.

Ciki babu abin kushewa sosai. An manna farashi a jikin kanta, burodi na fitowa da zafinsa, firjin nama da kifi ba ya daina aiki idan an ɗauke wuta domin janareto na karɓa nan take. Sashen tumatir da tattasai ne kawai ya fi kasuwa tsada, wanda ba abin mamaki ba ne.

Ƙofa ɗaya ce ga mai shiga da mai fita, kuma faɗinta bai kai motoci biyu su gifta juna ba. Ana buƙatar aƙalla mita 6 kafin hakan ya yiwu. Masu gadi kuma a bakin kwalbati suke tsayar da mota su buɗe but su leƙa. Ko da rabin minti binciken ya ɗauka, motoci huɗu suka taru sai wutsiyar layin ta hau kwalta, tunda kowace mota na cin kusan mita 6 idan aka haɗa da tazara. Mai fita ya rasa ta inda zai bi, mai shiga ba zai iya yin ribas ba, sai hon. Ga masu Keke Napep da ke sauke fasinja daidai wurin, ga rumfar mai POS ta cinye gefen da mai ƙafa zai raɓa.

Filin fakin ɗin kansa an ja layukansa a matse. Gurbin mota ɗaya ya kamata ya kai mita 2.5 a faɗi, 5 a tsawo. A nan idan jif biyu suka jeru, sai mutum ya fita ta kujerar mai zaman banza. Shi ya sa wasu ke ajiye mota a ƙofar gidajen mutane, abin da maƙwabta suka fi jin haushi ke nan.

Mafi muni shi ne motocin kawo kaya. Babu ƙofar baya, don haka motar lemo ko ta ruwan roba ta gaba take shiga da ribas, ta tare titin ɗungurungum har sai ta daidaita. Abin da ya kamata sashen kula da gine-gine na Abuja ya duba ke nan tun a takardar zane.

Gyaran ba mai wuya ba ne: a fasa katanga a buɗe ƙofar fita daban, a mayar da wurin bincike ciki da tsawon mota uku, a hana sauke kaya bayan ƙarfe 7 na safe.

Kafin nan, mai son sayayya ya je tsakanin 9 da 11 na safe. Daga ƙarfe 5 na yamma, lokacin da ma'aikata ke dawowa ta hanyar Kubwa, ko bayan sallar Juma'a, ko ƙarshen wata, gara a hau keke a sauka kafin kwanar a ƙarasa da ƙafa.