Injin gulo ko na fetur? Ga jirgin wasa mai fiffiken mita biyu, na fetur za ka saya

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaye ni wane inji za ka saya wa jirgin wasanka mai tashi da rimot, na gulo (mai shan haɗin metanol, mai fulogin da ke yin ja da zafi) ko na fetur. Sayi na fetur ka huta. Tunda ka ce jirgin daga wannan bakin fiffike zuwa wancan ya kai mita biyu, nauyinsa kuma zai doshi kilo biyar, ai ya riga ya shiga ajin injin fetur. Nemi injin fetur na kamfanin DLE, samfurin DLE-30, ko DLE-35RA in aljihu zai ɗauka, ka ɗaura masa farfela 18x8 ko 19x8, wato mai tsawon inci 18 ko 19.

Mutanen da ka ga suna yabon gulo a bidiyo, yawancinsu suna zaune ne a Amurka ko Jamus ko Japan, inda mutum zai taka shagon kayan jirage ya ɗauko galan ya biya ya fito. Mu a Sakkwato muke. Man gulo ba abin da za ka tsaya gidan mai ka ce a zuba maka ba ne. Haɗi ne na metanol, da naitiro (sinadarin da ke ƙara wa injin ƙarfi) kamar kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, da man da ke shafe injin kashi 17 zuwa 20, ko dai man zurma ko wanda aka sarrafa a kamfani. Ni dai ban taɓa ganin shagon da ke ajiye shi a garin nan ba. Jirgin sama ba ya yarda a sa shi cikin kayan fasinja saboda yana kama wuta, don haka ko ɗan'uwanka zai dawo daga Dubai ba zai iya riƙo maka ba. Sai dai ka yi ta bugun waya Legas ko Abuja, a sa maka a mota, ka yi ta sintirin tasha. Ranar da galan ya ƙare, jirgi ya koma kan rufin drowa ke nan.

Ga kuma shan mai. Ƙarfin da ke cikin litar metanol kusan rabin na litar fetur ne, saboda haka dole injin ya zuƙi ninki biyu ko fiye kafin ya yi aiki ɗaya. A ƙaramin inji mai lamba .40 ko .46 (lambar girman injin ce) ba za ka ji a jikinka ba. Amma da zarar ka kai 1.20, wato kimanin 20cc, za ka ga tanki na raguwa kana kallo. Naka kuma 30cc yake so. Ko bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da fetur ya yi tashin gwauron zabo, jarkar lita biyar tana kai ni asabar da yawa. Abin da kawai nake ƙarawa shi ne baƙin mai na 2T, ɗaya cikin 30, wato kimanin mililita 33 a kowace lita. Da sirinjin kemis nake aunawa, ba da ido ba.

Nawa DLE-30 ne, na hannu na saye shi, kuma har gobe ina yi masa son da ba na yi wa sauran. Akwai wata safiya cikin hunturu da muka fita wani fili kan hanyar Kware bayan an kwashe gero. Na ja cok, na juya farfela har hannuna ya gaji, ko tari bai yi ba, tiyo kuma a bushe, mai ba ya hawa. Yaran ƙauyen sun riga sun yi mana zobe, wani dattijo ma ya ɗaure jakinsa ya zauna yana jira ya ga ikon Allah. Na kwance kafireton, na hau kabu-kabu na kai wa wani bakanike da ke gyaran janareto a bakin titi. Ya juya shi a tafin hannunsa, ya yi dariya, ya ce wanga ai na injin yankan icce ne. Gaskiyarsa kuwa, kafireton Walbro ne, irin wanda ke jikin injin yanke itace da na yankan ciyawa. Ya buɗe murfin da sukudireba, ya nuna mini 'yar ragar da ke ciki, wadda ba ta kai girman ƙwayar wake ba, ta toshe da laka ja. Ya wanke ta da fetur, ya hura, ya zaro sabuwar robar famfo daga wani gwangwanin madara da yake tara tarkace ya sa. Kafin rana ta yi zafi jirgin yana sama, dattijon nan yana ta salati. Wannan dangantakar da injin yanke itace ba ta yau ba ce, tun a shekarun 1970 manyan jiragen wasa suka fara tashi da injin Quadra na Kanada, wanda asalinsa injin yanke itace ne. Amfaninta gare mu shi ne duk mai gyaran ƙaramin janareto ya san yaren injin nan: fulogi, wuta, mai, iska. Kai masa injin gulo ka ga yadda zai tsaya yana neman inda wayar fulogi take.

Na gulon ma ina da shi, na kamfanin O.S. ne mai lamba 1.20, yana nan nannaɗe cikin tsumma. Ban ce ba shi da kyau ba. Ya fi sauƙin nauyi, ba ya son batir ko akwatin wutar fulogi a cikin jirgi, aikin Japanawa ne mai tsafta. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Abin da ya raba ni da shi ƙura ce. Shi fulogin gulo ba tartsatsi yake yi ba. Wata 'yar waya ce mai filatinom a ciki, ka ɗana mata batir ta yi ja, injin ya tashi, ka cire batir, sannan metanol da zafin injin su ci gaba da riƙe ta da zafi. Dabara ce mai daɗi, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na tankin mai ne mai yauƙi, kuma yawancinsa ba ya ƙonewa, ta salansa yake fita ya shafe gefen jirgi da ƙarƙashin fiffike. Sauka ɗaya a filin gona cikin hunturu, jirgin zai koma kamar tsiren da aka birkiɗa cikin garin ƙuli. Ka goge da tsumma, yashin ya karce fenti. Metanol kuma yana jan ruwa daga iska. In ka bar murfin galan a sake cikin damina man ya lalace, in ka ajiye injin da ragowar mai a ciki ba ka ɗiga masa man ajiya ba, tsatsa ta ci boris.

Wani zai ce maka ka haɗa naka da kanka, metanol kashi 80, man zurma kashi 20, babu naitiro. Haɗin gaskiya ne, ana ma gasa da shi. Sai dai metanol guba ne mai makantarwa, wutarsa kuma da rana ba a cika ganinta ba. Gidan da akwai yara ba na ba da wannan shawarar.

Kada ka ɗauka na fetur ba shi da nasa hali. Zafi ne babban abokin gabarsa, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40 ba tare da wani ya yi mamaki ba. Injin fetur ya fi na gulo ɗaukar zafi, domin shi gulo yawan man da ke ratsa shi yana sanyaya shi. In jirginka mai murfin hanci ne, ramin da iska za ta fita ya ninka na shigarta sau biyu zuwa uku, ka kuma sa 'yan allunan da za su tilasta wa iskar bi ta kan haƙarƙarin silinda. Allurar H ta kafireto, wadda ke saita mai lokacin da injin ke gudu sosai, ka bar ta da ɗan yalwar mai, kada ka matse ta don neman ƙara. A bazara ka tashi bayan asuba, ƙarfe tara ka naɗe kayanka. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji da fiffike duka suna rasa ƙarfi a cikinta.

Sai kayan mai. Farin tiyon silikon na gulo kumbura yake yi a fetur ya saki, don haka ka nemi tiyon Tygon, mai ruwan ɗorawa, ka canza har toshiyar tankin zuwa ta fetur. In akwai inda ka yi amfani da farin kumfan da ake sako firji a ciki, ka rufe shi sosai, fetur narkar da shi yake yi. Akwatin wuta da batirinsa ka nisanta su da risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot, kamar tsawon kamu ɗaya ko fiye, ko da rimot ɗinka na zamani ne mai 2.4GHz. Ka sa makashin da za ka iya kashe injin daga rimot. Girgiza kuwa tana kwance noti, kowanne ka ɗiga masa gam ɗin noti na Loctite shuɗi. Farfelar inci 18 ba ta san ɗan yatsa ba, da sanda mai roba ko safar hannu mai kauri ake juya ta, wani kuma ya riƙe wutsiya.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka, domin nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Akwai jabun DLE a kasuwa, akwai jabun kafireto da aka buga wa sunan Walbro, akwai jabun fulogin NGK CM-6. Duk wanda ya turo maka hoto mai ƙyalli a Facebook ko WhatsApp da farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa, araha ba ta ado. Ka ce ya ɗauki bidiyo injin yana aiki, ya rubuta sunanka da ranar a takarda ya ajiye gefe, ya nuna lambar da ke jikin injin. In na hannu ne, a cire salansa a haska maka fistin: zane-zane a tsaye alamar ya sha ƙura ne ko ya taɓa kamewa don zafi. Ka kama inda farfela ke zama ka girgiza, in yana wasa boris ya tafi. Kalmar nan ta "sau biyu kawai aka tashe shi" kowa ita yake faɗa. Kada ka tura kuɗi gaba ɗaya ga wanda ba wanda ya san shi a cikinmu. Masu sayar da man gulo a jarkar da ba tambari ma haka, ba ka da hanyar sanin ko akwai naitiro a ciki ko an tsinka shi.

Fetur ɗin kansa daga gidan mai za ka saya, ba wurin 'yan bumburutu ba, ka kuma tace shi kafin ya shiga tanki. Ka tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai yawan metanol ƙasar nan, motoci suka yi ta lalacewa. Abin da ya wahalar da injin mota, 'yar robar kafireton 30cc ba za ta jure masa ba.

Game da wurin tashi, tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta ce ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Jirgi mai injin fetur kuma ƙararsa tana kai nesa, ga halin da yankinmu ke ciki. Ka yi nesa da filin jirgin Sultan Abubakar III da duk wani barikin soja ko shingen jami'an tsaro, ka gaida mai unguwa ko hakimin wurin, ka sanar da 'yan sandan yankin kafin ka kunna.

In injin ya iso kada ka ɗora shi kan jirgi tukuna. Ɗaure shi a kan katako mai nauyi, ka kira ni mu saita alluran tare, ya sha tanki biyu ko uku a ƙasa. Ka taho da sabon CM-6 na ajiya, wanda ke zuwa cikin kwalin ba kullum nake yarda da shi ba.