Karatu a Jami'ar Georgetown: Yadda Na Same Ta

Tambayar da 'yan uwa suka fi yi mini, da suka ji jami'ar da na yi digiri na biyu ta 'yan Katolika ce, ita ce ko ana tilasta wa ɗalibai shiga coci. Ko kusa. Georgetown dai tana birnin Washinton, a kan tudu dab da kogin Potomac. Bishop John Carroll ne ya kafa ta a 1789, kuma babu jami'ar Katolika da ta girme ta a Amurka. Limaman ɗariƙar Jesuit ne suka raine ta, har yau ana ganin gicciye a azuzuwa da dama.

Amma da yake addini ba abin wasa ba ne a wurinsu, sun san darajar na wani. Tun 1999 suka ɗauki Imam Yahya Hendi aikin limanci na dindindin. Masallacin cikin makarantar, mai wurin alwala tsaf, yana ɗauke da sunan Yarrow Mamout, Bafillace Musulmi da aka kai Amurka a matsayin bawa, ya samu 'yancinsa, har ya mallaki gida a unguwar Georgetown, inda jami'ar take. Nan nake sallar Juma'a, in wuce aji hankali kwance.

Tarihinta yana da tabo, kuma ba a ɓoye mana ba. A 1838 'yan Jesuit suka sayar da bayi 272 zuwa gonakin Luwiziyana, aka biya bashin makarantar da wani kaso na kuɗin. Ana tattauna wannan a aji, ba kwana-kwana. Wannan ya burge ni fiye da ginin Healy da kowa ke ɗaukar hoto a gabansa.

Ta fuskar karatu, ƙarfinta na wajen diflomasiyya da shari'a. Makarantarta ta harkokin waje, wadda aka buɗe a 1919, ita ta yaye Bill Clinton. Malamai da yawa tsofaffin jakadu ne ko manyan jami'an gwamnati, abin da suka yi da hannunsu suke koyarwa.

Sai dai tsada. Idan babu tallafin karatu, gaskiya a sake tunani, don kuɗin haya a unguwar kaɗai ya isa ya karya mutum. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ma ba shi da tasha a nan. Ni a tsallaken kogi na kama ɗaki, a Arlington, bas ɗin makaranta na kwasar mu kyauta daga unguwar Rosslyn da ke can.